Kwana Saba'in da Shida na Mai Lalle

Ku ajiye gardamar ƙwallon nan, ga wadda ta fi ta zafi. Mako uku ke nan tana hana ni sakat, na gaji da ɗaukarta ni kaɗai.

Maƙwabcina ne Baba Ɗanlami Mai Jirgi, wanda ya shekara talatin yana aiki a jiragen ruwa a Ikko kafin ya dawo Funtuwa. Kowa da abin da yake dawowa da shi daga kudu, wani mota, wani ciwon baya. Shi teku ya dawo da ita cikin akwatin gilashi. Ya girke shi a falo, ya shimfiɗa yashi da duwatsu, ya haɗa ruwan gishiri, ya zuba kifaye bakwai masu launi, na kallo ba na miya ba. A cikinsu akwai wani ɗan ja mai ratsin fari, bai wuce tsawon yatsa ba. Matarsa Inna Hajjo ce ta zaɓe shi, ta raɗa masa Mai Lalle, ita ke ba shi abinci har Allah ya yi mata rasuwa. Tun daga ranar, in ka ji tsoho yana hira a falo, to, da Mai Lalle yake.

Doka ɗaya gare shi: baƙon kifi ba ya shiga akwati sai an killace shi wata guda an ga lafiyarsa. Shekara goma sha biyu bai karya ta ba. Sai ga surukinsa, mijin babbar 'yarsa, ya zo daga Ikko da tsaraba, wani shuɗin kifi a leda. Ya durƙusa gaban jama'a, ya miƙa da hannu biyu, ya ce, "Baba, a zuba shi mu ga yadda zai haska." To, wa zai dubi surukinsa ya ce sai an bincika tsarabarsa ko tana da cuta? Kunya ta rufe tsoho, ya kwance leda ya zuba.

Kwana goma ba a yi ba kifaye suka fara goga jikinsu a duwatsu, suna zarya, suna haki. Shuɗin ya mutu, wani ya bi shi. Baba Ɗanlami kuwa yanar ido ta fara rufe masa gani, bai ga komai a jikinsu ba. Abin da ya sani kawai, yana sa yatsa a ruwa Mai Lalle ba ya zuwa. Ya kasa zaune ya kasa tsaye, daga falo zuwa zaure, daga zaure zuwa falo. A kawo tuwo a ɗauke shi yadda aka kawo. Wallahi na ji tsoro, don na ga alamar in kifin nan ya tafi, tsohon ba zai daɗe ba.

'Ya'yansa uku ne. Kubura ce babba, matar mai tsarabar, tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti. Ta iske maƙwabta sun cika falo da shawara, wannan ya ce a ƙara gishiri, wancan ya ce ganyen darbejiya. Ni ma, Allah ya yafe mini, toka na ce. Ta haska fitilar waya, ta ga farin ɗigo-ɗigo a jikin kifayen kamar an barbaɗa musu gari. Ta kankari jikin mataccen, ta kai wurin aiki ta duba, ta dawo ta ce ƙwaro ne ƙanƙani, yana shan jikin kifi, in ya ƙoshi ya faɗa cikin yashi ya hayayyafa ya sake tasowa. Ta ce a kwashe kifayen kaf zuwa wani akwati marar yashi, a can za a sa magani mai jan ƙarfe, don in aka zuba shi a babban akwati zai kashe duk wani abu mai rai da ke jikin duwatsun. Wata guda cur tana zuwa safe da yamma tana auna maganin da sirinji, domin in ya yi yawa kifi zai mutu, in ya gaza ƙwaro zai rayu. Sai dai fa ranar da mijinta ya miƙa ledar nan tana tsaye a wurin, ta san dokar gidansu, ta yi gum.

Na biyu Sallau ne, direban babbar mota. Shi dama bai taɓa ganin amfanin kifin da ba ya shiga tukunya ba, kullum sai ya yi musu ba'a. Maganin da Kubura ta faɗa, da abin auna shi, da gishirin teku, aka neme su har Kano ba a samu ba, sai Ikko. A lokacin saura kwana biyu sunan ɗansa na fari, rago na ɗaure a ƙofar gida. Ya dubi ubansa ya ga yadda ya zabge, ya ɗauki makulli ya kama hanya. Aka raɗa wa ɗansa suna yana tsakanin Mokwa da Jabba. Rana ta uku ya dawo ido jajur, ƙafa a kumbure, da magani da gishiri da sabon akwatin gilashi naɗe cikin bargonsa a kujerar gaba. Ya iske kifi na uku ya mutu, Mai Lalle kuwa ya fara kwanciya ta gefe. Da ya ƙara yini guda da sai dai labari. Amma yana sauke kaya ya ce, a gaban tsohon, "Ni ba don wannan abin banzar na je ba, don Baba ya ci tuwo ne."

Na uku Nafi'u tela, auta, shi ke zaune da uban. Nasa aikin ya fi kama da rashin aiki. Kubura ta ce babban akwati sai ya zauna ba kifi kwana saba'in da shida, har ƙwaron da ke cikin yashi ya mutu da yunwa. Bayan wata guda kifaye biyar ɗin da suka rage suka washe tas. Tsoho ya ɗauko 'yar ragarsa ta kamun kifi ya ce Mai Lalle ya warke, yana kewar dutsensa, yau zai koma gida. Nafi'u ya ba shi haƙuri, bai ji ba. Ya sake, bai ji ba. Raga na dab da shiga ruwa ya riƙe hannun ubansa.

"Ni ka riƙe wa hannu, Nafi'u?"

"Baba, ka yafe mini, saura kwana arba'in da shida."

Washegari ya sa aka yi wa babban akwati murfi, ya danna kwaɗo, ya rataye makulli a wuya. Tsoho ya yi kuka da hawaye, ya daina amsa gaisuwarsa. Unguwa ta ɗauka, wai auta ya kulle wa ubansa kaya a cikin gidansa. Kullum Baba Ɗanlami sai ya zagaya akwatin nan wofi ya fi sau ashirin, yana taɓa kwaɗo yana tsaki, Nafi'u na kan kekensa a ƙofar falo yana ɗinki, ido ɗaya a kan allura ɗaya a kan tsoho. Da ya saki ko sau ɗaya, da wahalar Kubura da tafiyar Sallau sun tashi a banza.

Rana ta saba'in da shida aka buɗe kwaɗo, aka mayar da kifaye babban akwati. Mai Lalle ya zagaya dutsensa sau biyu. Tsoho ya sa yatsa a ruwa, kifi ya zo ya taɓa shi. Ranar sai da aka yi masa ƙarin tuwo.

Bayan kwana biyu ya aika a kira ni. Ya ce, "Malam Isiyaku, idona ya tafi. Da ina gani da abin bai kai haka ba. Amanar Hajjo ce, ba zan ƙara iya riƙe ta ba, akwati kuma ba ya rabuwa uku. In na zaɓa da kaina za a ce son kai." Ya laluba ya damƙa mini 'yar ragar nan, ya ce in ba wanda ya dace a cikinsu, shi zai ɗauki akwati da Mai Lalle.

Na juya abin ta ko'ina. Ba don Kubura ba, da ba a san cutar ba, amma shirunta ne ya buɗe wa cutar ƙofa. Ba don Sallau ba, da ba magani, amma har gobe bai ɗauki kifin a bakin komai ba. Ba don Nafi'u ba, da cutar ta dawo, amma shi ya sa ubansa kuka. Tsoho kuma kullum da safe sai ya aiko a tambaye ni ko na yanke, ni kuwa har hanyar masallaci na sauya don kada mu haɗu.

Ga ragar nan a aljihuna, ku gan ta. To, ku faɗa mini, a hannun wa zan sa ta?