Hannun Jarin Yaya

Akwai wani tela da 'yan layinsu ke kira Sarkin Gaggawa. Gwani ne a ɗinki, amma da ya ga zare ya ɗan karkace, kafin ka ce kwabo ya warware rigar gaba ɗaya.

Wata shekara shi da yayarsa, wadda ungozoma ce, suka sayi hannun jari a wani kamfanin sabulu. Kuɗin Yaya na karatun 'yarta ne, marainiya, wadda ke firamare a lokacin. Da yake wayarta ta kira ce kawai, shi ta damƙa wa komai. Sharaɗinta ɗaya ne: kada a taɓa sai yarinya ta isa jami'a.

Tela kuwa ya jingina wayarsa a jikin keken ɗinki. In farashi ya hau, ya yi ta zolayar kwastomomi. In ya sauka, ranar sai ka karɓi wandonka da aljihu a baibai.

A shekara ta biyu kasuwa ta faɗi warwas. Ya sayar da nasa, sannan ya kira Yaya. Ta tambaye shi ko mutane sun daina wanka da wanki ne. Ya ce a'a. Ta ce to a bar mata nata.

Kwana uku yana kallon farashi yana zubewa. A na huɗu ya sayar da nata ma, a rabin kuɗinsa, bai gaya mata ba. Ban ce ɓarawo ne ba, don ko sisi bai ci ba. A ransa cetonta ya yi, kuma niyyarsa ya sake saye in farashi ya ƙara sauka.

Farashi bai ƙara sauka ba. Da ya fara hawa, tela ya ce ai zai dawo ƙasa. Haka aka yi shekara tara, duk sanda Yaya ta tambaya ya ce suna nan lafiya.

Wata safiya sai ga ta a shago tare da yarinyar, riƙe da takardar gurbin karatun likitanci. Wata abokiyar aikinta ta gaya mata farashin ya ninka sau biyar.

"Ƙanina, ranar ta zo," in ji ta tana murmushi. "Sayar mana."

Ya tsayar da keke. Ya faɗi gaskiya, kunya kamar ta kashe shi. Kuɗinta da ya ajiye a banki ko zangon farko ba zai biya ba.

Yaya ba ta ɗaga murya ba. Ta naɗe takardar a hankali, ta sa a jaka.

"Asarar zan iya shanyewa," ta ce. "Amma da ka gaya mini tun lokacin, da na sake tarawa. Shekara tara ka bar ni ina zaune da kwanciyar hankali."

Yarinyar ta ce, "Kawu, ba komai." Wannan kalmar ta fi komai yi masa ciwo.

Kafin su haɗa kuɗin rajista, wa'adi ya wuce, an ba wata gurbin.

Darasi: Jarin dogon zango ba ya son mai leƙen farashi kowane minti. Faɗuwar kasuwa ba ta zama asara sai ka sayar cikin tsoro. In kuma amanar wani ce a hannunka ka yi kuskure, faɗa masa da wuri, tun yana da lokacin gyarawa. Ku tura wa ɗan'uwan da tsoro ke shirin sa shi sayarwa.