Fil ɗin da Goggo ta soka a takalmi

Allah Ya ji ƙan Malam, Ya haskaka makwancinsa, Ya ƙara masa yarda. Bawan Allah ne wanda ilimi ya zauna masa a ƙirji kamar ruwa a randa, mai yawan azumi, mai ƙarancin magana, mai gudun duniya, wanda in yana karantar da mata ta bayan labule muryarsa ba ta wuce ta mai lallashin jinjiri. Daga cikin abin da Ubangiji Ya bayyana a hannunsa akwai abin da ya faru da wata maƙwabciyarmu mai ɗinki, wadda babba da yaro ke kira Goggo.

Goggo tana da ƙane, Auta, bakanike, wanda ya yi fushi da mahaifiyarsu ya bar gida shekara goma sha ɗaya, babu aike babu waya. Da ciwo ya kwantar da mahaifiyar tasu, Inna, har likita ya ce a mayar da ita gida a yi ta addu'a, sai ta riƙe hannun Goggo ta ce, "Ba na so in tafi ban gaya wa yaron nan na yafe masa ba."

Labarin Auta kuwa ya kasu uku: direbobi uku, kowa da garin da ya ce ya gan shi. Goggo ta je ta durƙusa a bayan labulen Malam ta zayyana masa komai. Ya ce, "Ki je, Allah Ya tsare hanya. Inda takalminki ya tsinke, nan za ki tsaya."

Ta dubi takalmin nata, sabo ne na fata, sannan ta tashi ta kama hanya.

Gari na farko a bakin teku yake. Ta ga gidaje a kan gidaje, shanya tana lilo a tagar hawa na goma, har ta tsaya tana tunanin wahalar matar da ɗankwalinta zai faɗo. Mutanen garin suna cin abinci suna tafiya, in ka yi musu sallama sai su duba agogo. Ruwansu ma sabulu ba ya kumfa a ciki. Ta kwana biyu tana bin garejin kanikawa, takalmi lafiya lau.

Gari na biyu a tsakanin duwatsu yake, titunansa hawa da gangara, sanyin safiya kamar ya fasa haƙori. Abin da ya ba ta mamaki, motoci suna tsayawa wa jar fitila ko babu mai tsare su, masu tafiya a ƙasa kuma an yi musu gadar sama. A matakalar wannan gada, tana sauri da jaka a ka kada motar gari na uku ta bar ta, hancin takalminta na hagu ya ɓalle. Shekara talatin Goggo tana ɗinki, fil ba ya rabuwa da bakin mayafinta. Hannunta ne ya yi aikinsa: ta zare, ta soka, ta miƙe ta wuce, ko tasbihin da take yi bai yanke ba. Zuciyarta tana tasha, ba ta ma san ta yi ba.

Gari na uku na masana'antu ne. Jiniya ke tashin mutane, jiniya ke sallamarsu. Farin kaya in aka shanya sai a ɗebe shi ruwan toka. Ta ga mata da hular kwano suna shiga aiki kafaɗa da kafaɗa da maza, kuma su ne suka fi kowa amsa gaisuwa. Kwana uku tana yawo. A rana ta uku aka kira ta daga gida cewa Inna ta daina karɓar komai sai ruwa a cokali.

Ta zauna a kan wani benci bayan la'asar, ta buga wa matar Malam waya tana kuka. "Ki gaya wa Malam takalmin nan ya ƙi tsinkewa, ga Inna tana neman tafiya."

Sai ta jiyo muryarsa daga nesa, a natse kamar kullum: "Ki ce mata ta dubi ƙafarta ta hagu. Ya tsinke, ita ta rufe masa baki."

Ta sunkuya. Ga fil nan yana ƙyalli. Bakinta ya kama salati, domin abin da ita kanta ta manta, babu mahalukin da ya gani, ga wani bawan Allah daga kan buzunsa yana nuna mata shi. Subhanallahi, Mai sanar da wanda Ya so abin da Ya so.

Washegari ta koma garin duwatsu. Ta tsaya a matakalar, ta zare fil ɗin, ta riƙe takalmin a hannu ta sauko. A ƙarƙashin gadar akwai wata 'yar rumfar kwano, da mai gyaran takalma zaune kansa a sunkuye, basilla a hannu, sandar dogarawa jingine a gefensa. Ya karɓi takalmin bai ɗago ba, ya juya shi, ya yi tsaki.

"Hajiya, wa ya yi miki wannan aika-aika? Fil a jikin fata? Ni dai yayata kaɗai na sani da irin wannan ɗanyen aiki."

Goggo ta ce, "Ɗanyen aikin ne ya rufa maka asiri ranar da wandonka ya yage a makaranta, mara kunya."

Basilla ta faɗi. Ya ɗago, gemu duk furfura. "Yaya?"

Ashe mota ce ta zame daga kan jak ɗin da aka ɗaga ta da shi ta danne wa Auta ƙafa tun shekarar da ya bar gida, aka yanke ta, kunya ta hana shi komawa. Da ta gaya masa halin da Inna ke ciki, ya rufe fuska da tafin hannu ya ce, "Yaya, da wace ƙafar zan shiga gidan?"

Ta ce, "Da wadda ta rage. Tashi, kada in haɗa maka da mari."

Sun sami Inna da sauran numfashi. Ta shafa kansa, ta faɗi abin da take son faɗa, ta ƙara kwana huɗu a duniya, shi ke ba ta ruwa a cokali.

Da Goggo ta je godiya, Malam bai bari ta yi nisa ba. Ya ce, "Ni ban san komai ba. Addu'ar uwa ce ta fito neman ɗanta, mu a gefen hanya ta same mu."

Haka bayin Allah na ƙwarai suke, a yi abu a hannunsu su kakkaɓe riga. Ya Allah, Ka yalwata kabarinsa, Ka ɗaukaka darajarsa tare da salihai, Ka yayyafa mana albarkarsa mu da zuriyarmu, kuma duk uwar da ke kallon ƙofa, Ka sa ta ga ɗanta ya shigo tun idonta yana buɗe. Amin.