Jan San Malam Ilu

To, ku matso kusa, kuma kowa ya kifa wayarsa a kan tabarma. Labarin da zan ba ku waya ce ta haddasa shi, ba na son ganin hasken ko ɗaya har in gama. A ƙarshe akwai tambaya, kuma ba wanda zai sulale bai amsa ba.

An yi wani mutum, Lawwali, ɗan wani ƙauye da ake kira Tungar Gawasa. Shekara biyar da barinsa gida zuwa birni neman shiga fim, kuma a tsawon shekarun nan abin da yake samu bai wuce a tsayar da shi bayan jarumi yana gyaɗa kai ba. Kwatsam sai wani gidan talabijin ya sa a shirya masa sabon shiri mai dogon zango, aka sa masa suna Kunnen Daji, aka yi ta shela cewa da kaka za a fara haska shi. Aka ba Lawwali matsayin infoma, wato ɗan gari mai kai wa 'yan bindiga labarin gidajen da ke da abin ɗauka. Murna har da hawaye, don a ganinsa ranarsa ce ta zo.

Ranar da za a ɗauki fitowarsa da shugaban 'yan bindiga, sai aka tarar marubucin bai sa sunayen gidajen ba. Darakta ya ce masa, "Kai dai ka kawo sunaye daga kanka, wa zai bincika?" To ɗan ƙauye in aka ce ya kawo suna, wane suna zai zo bakinsa in ba na mutanen garinsu ba? Lawwali ya tsuguna gaban shugaban mai rawani, ya yi ƙasa da murya, ya ce, "Sai gidan Malam Ilu na bayan masallaci. Akwai jan sa a turke, ƙofar baya kuma ba ta da sakata." Ya jero gida biyar. Ya yi abin da kyau ƙwarai, har masu riƙe fitila suka tafa masa.

Mai tace hoton shirin wani saurayi ne, Nafi'u, gwani a aikinsa, amma cikinsa ba ya riƙe abu. Ya yanko wannan fitowar, minti ɗaya tak, ya tura wa abokinsa don ya yi masa burga, tun ba a sa mata suna ko kiɗa ba. Daga wayar aboki ta faɗa wata wayar, daga nan sai shagunan caji inda ake tura wa mutane fim a memori. Kafin ta kai Tungar Gawasa, ba sauran wanda ke cewa fim ne. Ga shi kuma mako uku kafin nan 'yan bindiga na gaske sun shiga garin, sun kashe mutum tara, har da Malam Ilu.

Lawwali bai san hoton ya fita ba. Rasuwa kawai ya ji, sai ya ce bari ya je gaisuwa, ya haɗa da kai matarsa Barira goyon ciki gidan iyayenta, don cikin fari ne kuma ya tsufa. Da hantsi suka sauka, ana ta shigo da dammunan gero. Bai kai ga yin sallama a ƙofar kowa ba aka kewaye shi. Barira na ihu tana cewa, "Fim ne! Wallahi fim ne!" Wani ya ce mata, "Shekara biyar ana cewa yana fim, wa ya taɓa ganinsa a ciki?" Kuma gaskiya ne, ba wanda ya taɓa gani.

Wanda ya fara kai masa duka shi ne Zubairu, babban ɗan Malam Ilu. Da gora ya same shi a muƙamuƙi, ƙashin ya karye, haƙora suka zube. Daga nan Lawwali bai sake iya faɗin kalma ɗaya ba, ko ta kare kansa. Aka ɗaure shi za a ja shi bayan gari, sai wani ya ɗaga waya a gabansa ya sake kunna hoton, wai ya kalli abin da ya aikata kafin ya mutu. Zubairu na tsaye yana haki, ya sake jin an ce akwai jan sa a turke. Nan ya tuna wani abu. Shi da hannunsa ya ja wannan san zuwa kasuwa ya sayar, shekara uku da suka wuce. Wane irin infoma ne zai tura 'yan bindiga ɗaukar san da aka daɗe da cinye namansa?

Ku lura, Zubairu bai tabbata Lawwali ba shi da laifi ba. Shakka ce kawai ta shige shi, ita ma 'yar ƙarama. Amma ya kama igiyar, ya ja Lawwali cikin zauren gidansu, ya zauna a bakin ƙofa da gorar a kan cinyarsa. Ya ce, "Ubana aka kashe, ina da hakki a jinin nan. Ba mai taɓa shi sai rana ta faɗi. In ta faɗi ba a kawo shaida ba, ni zan miƙa muku shi." Wani dattijo ya ce, "Zubairu, kai kaɗai aka kashe wa uba?" Aka tofa masa yawu, aka jefe shi, aka ce dama da shi aka haɗa baki. Da azahar wasu suka zagaya suka cinna wa rumbunsa wuta, da geron da ya gama shigarwa shekaranjiya, abincin gidan mutum goma sha ɗaya. Yana jin ƙaurin hatsinsa, yana jin kukan 'ya'yansa a cikin gida, ya san kuma don ya tashi daga ƙofar aka yi. Bai tashi ba.

A garin ba a samun sabis sai an hau wani dutse, a can ma kira kawai ke shiga, hoto ba ya sauka. Barira ta rarrafa ta hau da tsohon cikinta, ta kira ofishin masu shirin. Nafi'u ne ya ɗauka. Tana gama bayani ya gane ta'asar da ya yi. Ya je wurin mai kamfanin ya ce a ba shi ɗanyen hoton ranar, wanda ba a tace ba, a kai musu su gani. Mai kamfani ya ce, "Ka haukace? In aka san daga ɗakinmu hoton nan ya fita, gidan talabijin zai yar da mu, hukuma ta kama mu. Ka rufe bakinka, ba wanda ya san kai ne." Wannan ma gaskiya ne, ba wanda ya sani. Da Nafi'u ya yi shiru, da yanzu yana nan yana shan iskar fanka. Sai ya kulle kansa a ɗakin tacewa, ya kwashe ɗanyen hoton a wayarsa, sannan ya juya kyamara ya ɗauki fuskarsa. Ya faɗi sunansa da na ubansa da unguwarsu, ya ce shi ya fitar da hoton, kuma duk wanda za a kama, shi za a kama.

Saura mai kaiwa. Mota ba ta bin hanyar Tungar Gawasa in rana ta raba, Nafi'u kuwa ko keke bai iya ba. Akwai Ɗantani, mai kula da janareta a wurin ɗaukar shirin, magidanci mai 'ya'ya huɗu, yana da babur. Ba ya ma shiri da Lawwali, sun taɓa cacar baki a kan wurin zama a mota, tun ranar ba sa gaisawa. Ya tambayi Nafi'u, "Hanyar fa, yaya take?" Nafi'u ya ce, "Da sauƙi." Ɗantani ya cusa wayar cikin safarsa ya buga babur. Awa huɗu yana tafiya, ya wuce ƙauyuka da dawa ta nuna a gona ba mai yanka. A wani mashigin rafi aka buɗe masa wuta daga cikin kalgo, harsashi ya farfasa masa hannun hagu sama da gwiwa. A lokacin gida ya yi nisa, amma akwai wani gari mai asibiti kusa, a hannun dama. Ya tsaya a mararrabar, ya ɗaure hannun da hularsa da haƙori, ya dubi rana ta yi ja, ya miƙe hanyar Tungar Gawasa da hannu ɗaya. A ƙofar zauren ya faɗi, yana nuna ƙafarsa.

Aka zaro wayar aka kunna. Ga Lawwali tsugune yana lissafa gidaje, kamar yadda suka sani. Sai muryar darakta ta ce "Kat!" Shugaban 'yan bindiga ya warware rawani yana sosa kai yana dariya, ya jingine bindigarsa, ashe ta katako ce. Wata mata ta shigo da tsumma tana share wa Lawwali gumi. Daga nan sai fuskar Nafi'u. Ana jiyo ƙarar rumbun da bai gama ci ba. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da ya fi ƙona mini rai, ba wanda ya ce a yi haƙuri.

Kada ku zaci daga nan daɗi ya biyo baya. Kaka ta wuce ba a haska Kunnen Daji ba, gidan talabijin ya sa wani shirin a gurbinsa. Hukuma ta kama Nafi'u da laifin tayar da fitina, da shaidar da ya ɗauka da hannunsa, kuma ko ya fito ba mai sake ba shi hoto ya tace. Ɗantani an yanke masa hannun daga kafaɗa. Da ya farfaɗo ya faɗa da bakinsa cewa da ya san haka hanyar take, wallahi da bai fita ba. Zubairu kuwa garin ya gagare shi zama, don mutane ba sa son ganin wanda ke tuna musu abin da suka kusa aikatawa. Ya kwashe iyalinsa suka koma makarantar da ake ajiye 'yan gudun hijira, ba ko damin gero ɗaya. Shi kuma Lawwali ya rayu, amma muƙamuƙin ya haɗe a karkace. Mutumin da ya shekara biyar yana jiran a ba shi magana a fim, yanzu sai ka kai kunnenka bakinsa kafin ka ji abin da yake faɗa.

Barira ta haifi namiji. Na san wani a cikinku zai ce ai ita ce ta hau dutse. Ban manta ba, amma ba a raɗa wa namiji Barira, kuma ita da kanta ta ce a sa wa yaron sunan ɗaya daga cikin mutum ukun nan, suna ɗaya ba haɗi, don yaro ya tashi ya san wanda ya hana shi zama maraya tun yana ciki.

Dangi suka kwana shida suna gardama. Masu son Zubairu suka ce shi da ke da dalilin kisa shi ya tsare ƙofa wuni guda a kan shakka kawai, ya sadaukar da abincin 'ya'yansa da garinsu, kuma da ya tashi, waya gawa za ta tarar. Aka ce musu to wa ya kashe wa Lawwali baki? Masu son Nafi'u suka ce shi kaɗai ne ba wanda ya tilasta, asirinsa a rufe yake ya tona da kansa, kuma ba don shi ba Zubairu zai miƙa mutum da magariba. Aka ce musu wutar ai shi ya kunna, ga ƙaryar da ya yi wa Ɗantani. Masu son Ɗantani suka ce shi ba ruwansa da laifin kowa, ga asibiti yana gani ya wuce, ya ba da hannunsa saboda mutumin da ba sa ko gaisawa. Aka ce musu ruɗarsa aka yi, kuma shi da kansa ya ce da ya sani da bai je ba.

Ranar suna da safe aka shimfiɗa tabarmi, aka raba goro, rago na ɗaure. Cikin mutum ukun ba wanda ya samu zuwa, ɗaya na tsare, ɗaya na gadon asibiti, ɗaya ba shi da garin da zai taso daga ciki. Liman ya matso, ya sunkuya, ya kai kunnensa daf da karkataccen bakin Lawwali.

To, jama'a, ku da kuka ji komai, a cikin Zubairu da Nafi'u da Ɗantani, sunan wa ya fi cancanta Lawwali ya raɗa a kunnen liman?