Kurege da Maraƙin Gwaggo Yalwa

Kakanku mai ba ku tatsuniya ba ya nan, sai ku yi haƙuri da tawa. Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata tsohuwa ce, Gwaggo Yalwa. Mijinta ya rasu, saniyarsa ta bi shi, aka bar ta da lambun kabeji da maraƙi ɗaya, ƙashi da fata. Ta ba shi dusa, ya ƙi. Ta ba shi harawa, ya kau da kai. Sai ta kwance shi, ta ce ya je ya mutu inda ba za ta gani ba, ta koma ɗaki zaman takaba.

Shi kuwa Kurege kabejin yake so, amma yana neman wanda zai ɗora wa laifi. Sai ya haƙa rami ƙarƙashin shinge, ya shiga, ya buɗe wa maraƙi ƙofa don a ga sawun kofato. Kurege ya ci cikin kabeji, ya tura masa ganyen waje. Da maraƙi ya ƙara miƙo wuya, sai ya make masa hanci: "Kaɗan-kaɗan, maraya!"

Gobe kaɗan-kaɗan, jibi kaɗan-kaɗan. Rowar Kurege ta hana cikin maraƙi kumbura. Haƙarƙari ya ɓuya, tozo ya leƙo. Kurege ma ya ajiye tumbi.

Ranar da Gwaggo ta fita takaba, ta tarar da ɓarna a lambu. Kurege ya ruga rami, tumbi ya maƙale, kai a wajen shinge, wutsiya a cikin lambu. Ta ɗaga muciya.

Ya ce, "Gwaggo, ki buga, amma fara duba majinyacina."

Ta waiwaya, ga maraƙi yana tsalle yana sheƙi. Muciya ta faɗi. Ta yi dariyar da rabonta da ita tun ranar jana'iza. Ta tambayi maganin, ya ce ganye ne, kaɗan-kaɗan, kuma ladan likita kabeji guda. Ta finciko shi ta wutsiya har gashin ya baje, ta ba shi kabejin, ya arce.

Maraƙin ya zama bajimi, shi ke mata huɗa.

Ƙurunƙus kan Kurege. Wanda zai yi sata, ya fara ƙosar da maraƙin mai lambu. Allah ya jiƙan kakanku, ya raya mana abin da ya bari. Ku ce amin.