Datar Uwani a Kwano

Wata shida Uwani mai ɗinki tana biyan tarar wuce ƙa'ida ga kamfanin da ya ja mata intanet a gida. Da ta samu wani kamfanin da ba ya iyakance data, sai ta je ofishin tsohon kamfanin a yanke mata layi.

Mai kamfanin, Alhaji Ɗan'azumi, ya gyara zama. "Hajiya, mu ba ma riƙe kowa dole. Ki dawo mana da datar da kika sha fiye da ƙa'ida, sai in sa hannu."

"To, ranka ya daɗe."

Washegari ta dawo da kwano a rufe, ta ajiye masa bisa tebur a hankali. "Ga ta nan, har da gyara."

Alhaji ya ɗaga murfi. "Ai wayam ne!"

"Ashe ganinta ake yi? To nuna mini wadda kake sayar mini, mu gwada."

"Haba Hajiya, ba a ganin data da ido!"

"To da wane idon ka ga babu?"

Ya yi gyaran murya. "Injinmu ne ke auna ta."

"Madalla, a kawo shi ya auna. In ya ce akwai, na biya. In ya ce babu, injin da ya kasa ganin ta gabansa, yaya ya hango ta ɗakina?"

Alhaji ya dubi kwanon, sannan ya jawo takarda ya sa hannu.

Uwani ta miƙe. "A juye a ba ni kwanona, Alhaji. Na miya ne."