Saba Uku, Makulli Ɗaya

Akwai wani matashi a nan Suleja, Fakhruddeen sunansa. Yaro ne mai kai, wannan kam ba mai ƙwace masa. Kwamfuta ya karanta, har a unguwa ba a kiransa sai da Injiniya. To amma yana da hali ɗaya, ba ya son a ce da hannun wani a cikin aikinsa.

Yana da abokin sana'a, Romanus. Ibo ne amma haihuwar Suleja, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Shago ɗaya suka kama, tare suke karɓar aiki.

Wata rana Madam Olufunke, mai wata makarantar kuɗi a hanyar Maje, ta kira su. Duk shekara tana shirya jarrabawa, yaran da suka fi ƙoƙari ta ɗauke su kyauta har su gama sakandare. Bana tana so a yi ta a kwamfuta, don ta gaji da jin ana cewa malamai suna son kai wajen ba da maki.

Fakhruddeen ya ce a bar masa, a kilawud zai ɗora aikin.

Shi wannan kilawud ɗin, yadda aka yi min bayani, wasu manyan kwamfutoci ne a can wata ƙasa, ana ce musu saba. Hayarsu ake yi kamar shago a kasuwa, kana zaune a Suleja kana juya su. Sai ya kama hayar guda uku ya haɗa su wuri ɗaya. Kamar mata uku ne a kan turmi suna lugude, in ɗaya ta gaji ta ajiye taɓarya, daka ba zai tsaya ba.

Ya sha wahala kafin su haɗu. Yau wuta ta ɗauke, gobe netiwok ya yi ƙasa, jibi wannan sabar ta ƙi jin maganar waccan. Amma ya haɗa su.

Ranar gwaji, a gaban Madam ya kashe guda ɗaya da gangan. Jarrabawa ta ci gaba kamar ba a yi komai ba.

"Kin gani ko, Madam? Ko ɗaya ta mutu, biyu suna nan. Wannan aikin ba ya faɗuwa."

Madam ta tafa masa.

Da suka fito, Romanus ya ce, "Fakhru, abeg, ka buɗe min tawa ƙofar shiga sabobin nan ni ma. Ita ma Madam ka ba ta. Shiga wurin nan sai da lambar da ke fitowa a wayarka. In ba ka kusa fa?"

"Ina za ni?"

"Ai ɗan Adam ne kai."

"Kai dai ja waya ka jera kwamfutoci a aji. Miya in masu dafa ta sun yi yawa, gishiri ke kashe ta."

Romanus ya ce, "To, Oga Injiniya."

Gaskiyar magana ba tsoron ɓarna yake ba. So yake in an tashi yabo, a ce Fakhruddeen ne shi kaɗai.

To yana da gwaggo a Izom, Mairama, ƙanwar babansa. 'Yarta Rabi'a ta gama firamare, yarinya mai ƙoƙari. Fakhruddeen ya je har gida ya ce a kawo ta jarrabawar. Mijin gwaggon, Baba Dogara, manomi ne mai taurin kai, bai yarda da duk abin da aka ce kyauta ne ba.

"Makarantar nan ta kusa ta ishe ta. Ga damina, ga ciyawa ta cinye gona, za ka kwashe min mutane zuwa Suleja."

"Baba, ni na haɗa abin da hannuna. Za ta zo ta yi ta koma, kafin la'asar suna gida."

Dogara ya daɗe yana kallonsa. "Sau ɗaya na bari. Sau ɗaya."

Bayan gwaji, Fakhruddeen ya kashe sabobin duka, don haya tana tafiya ne muddin suna kunne. Ya ce da safen ranar zai kunna, abin da bai fi danna yatsa ba.

Ranar jarrabawa aka tashi da ruwa. Ya hau acaba, suna hanyar Maje sai ga kiran Madam. Ya zaro waya daga aljihun gaba, daidai nan ɗan acaba ya faɗa rami. Waya ta yi tsalle, sai cikin kwata, ruwa yana gudu.

Da ƙyar suka lalubo ta. Ya danna, ya girgiza, ya hura. Shiru.

Ya isa makaranta a jiƙe. Yara sun cika aji, kowa da kwamfuta a gabansa, Romanus ya gama nasa aikin tun tuni. Iyaye suna ƙarƙashin rumfa. Ya hango Gwaggo Mairama ta ɗaga masa hannu tana murmushi.

Ya buɗe kwamfutarsa ya sa kalmar sirri. Sai aka ce ya sa lambar da ke cikin wayarsa.

Madam ta ce, "Cire layin ka sa a tawa wayar mana."

"Ba ta layi take zuwa ba, Madam. A cikin wayar kanta take."

Romanus ya matso. "Ai suna ba da lambobin ko-ta-kwana ranar da aka kama hayar. Ina ka ajiye su?"

Fakhruddeen ya ci gaba da danne-danne a kwamfuta.

"Fakhru, ina suke?"

"Hotonsu na ɗauka."

"Da wace waya?"

Fakhruddeen ya nuna matacciyar wayar. Romanus ya ɗora hannu biyu a ka. "Chineke! Ka kulle ɗaki, ka bar safayar makullin a ƙarƙashin filo a cikin ɗakin!"

Nan fa aka shiga. Mai abincin makaranta ta kawo shinkafa ɗanya aka binne wayar a ciki, wai za ta tsotse ruwan. Aka tono, shiru. Romanus ya ruga da ita wurin mai gyara, mai gyara ya buɗe ya ga ruwan kwata har cikin hanjinta, ya girgiza kai. Fakhruddeen ya rubuta wa kamfanin masu sabar, na'ura ce ta ba shi amsa, wai sun gode, ya turo hoton katin shaidarsa, za su duba su neme shi. Ya sake rubutawa cewa yara suna jira. Amsar dai ita ce, ko wasali ba a canza ba.

Ga sabobi uku lafiyarsu ƙalau. Ga tambayoyi da sunayen yara duk a ciki. Ga wuta, ga netiwok, ranar har ya fi kullum kyau. Amma ba mai iya cewa su tashi.

Rana ta ɗaga. Yara suka fara hamma, wata ƙarama ta fashe da kuka. Wani uba ya leƙo ta taga.

"Wai jarrabawa muka zo ko zaman makoki? Na rufe shago fa!"

Madam Olufunke ta ja Fakhruddeen gefe. "Ka ce min ba ya faɗuwa. A gabana ka kashe ɗaya ka ce biyu suna nan. To kai da ka faɗi, wa yake nan?"

"Madam, ki yi haƙuri..."

"Ba ni za ka ba haƙuri ba. Fita ka faɗa musu da bakinka. Ni ba zan iya kallon idonsu ba."

Haka ya fita ya tsaya gaban rumfa ya ce an ɗaga jarrabawa. Wasu suka yi tsaki, wasu suka zage shi tas. Gwaggo Mairama ta jira sai da mutane suka ragu. Ta riƙo hannun Rabi'a ta zo.

"Ɗan nan, kai ka ce mu zo. Yanzu me zan je in ce wa babanta?"

Rabi'a tana riƙe da fensirin da ta fiƙe tun jiya, ko da yake an gaya mata ba a buƙatarsa. Wannan fensirin ya fi zagin mutane yi masa ciwo.

Sai da aka kwana biyu ana tura hoto ana jira kafin kamfanin ya buɗe masa. Abin da ya fara yi, ya kira Romanus ya buɗe masa tasa ƙofar, ya buɗe wa Madam tata. Madam ta sa sabuwar rana. Amma saƙo ya zo daga Izom, Dogara ya ce Rabi'a ba ta zuwa. Ya ce sau ɗaya, kuma an yi.

Fakhruddeen ya nemi Romanus. Da kunya ya ce, "Romanus, za ka raka ni Izom?"

"Au, yau miyar tana son masu dafawa da yawa?" Romanus ya yi dariya, ya ɗauki makullin babur. "Hau mu je."

A gona suka sami Dogara. Fakhruddeen ya durƙusa a kan kunya, tsoho yana ta noma kamar bai gan shi ba. Sai da ya kai ƙarshen layi ya dawo.

"Injiniya. An zo a sake gaya min da hannunka ka haɗa?"

"Baba, na yi kuskure. Kada laifina ya hau kan Rabi'a."

"In wayarka ta sake yin wanka fa?"

Romanus ya rusuna. "Baba, yanzu mu uku ne ke riƙe da makulli. In tasa ta faɗa ruwa, tawa tana nan. In tawa ta bi ta, ta Madam tana nan."

Dogara ya dube shi sama da ƙasa. "Kai ɗan wa ne?"

"Abokin aikinsa ne, Baba."

"Dama yana da aboki?" Ya juya ga Fakhruddeen. "Da ka zo kai kaɗai, da ka koma kai kaɗai. Ku je. Albarkacin wannan na bari, ba naka ba."

Rabi'a ta zo ta yi jarrabawarta. Ranar Romanus ne ya kunna sabobin, Fakhruddeen yana tsaye a bayansa yana kallo. Ta ci, yanzu haka tana makarantar Madam.

Darasi: 'Yan uwa, na'ura ma an yi mata 'yan uwa don kada ta faɗi ita kaɗai, balle kai ɗan Adam. Amanar da ta shafi jama'a kada ka ƙulle ta a aljihunka don a ce kai ne. Ranar da ka yi tuntuɓe, waɗanda ba su ji ba ba su gani ba su ne za su sha ƙasa. Ku tura wa duk wanda kuka san yana riƙe da makulli shi kaɗai, ko Allah zai sa ya ba wani safaya tun ruwa bai sauko ba.