Uban Guguwa

Wani hakimi yana da ingarman Larabawa mai suna Guguwa, wanda ba a taɓa wuce shi a sukuwa ba. Wata rana Guguwa ya tsinke daga turke, ya hau goɗiyar Jatau manomi. Da ta haihu, hakimi ya sa aka kira Jatau.

"Gobe ka kawo dukushin. Mai uban shi ke da ɗan."

Jatau ya durƙusa. "Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Shi Guguwan, yana da uba kuwa?"

Hakimi ya gyara zama. "Kai! Ubansa na Agadas, a bargar Balarabe Sidi."

"To, nan zan kawo dukushin, ko in haɗa su biyun in kai wa Balaraben?"